Shekarar da Jatau Ya Fito Baƙi a Kati

Kun taso kun tarar da hotuna biyu rataye a bangon ɗakina, mutane ɗaya, sa ɗaya, ƙofar gida ɗaya, sai dai guda ya yi duhu kamar an tsoma shi a ruwan toka, ɗayan kuma tas. Tun kuna ƙanana kuke tambayata, ina ce muku sai kun girma. To kun girma, har wasunku sun fara ɓoye furfura a ƙarƙashin hula. Na kuma san abin da kuka ji a gari. Kun ji ana cewa ubanku ya yi wa Alhaji Bawa butulci, mutumin da ya koya masa sana'a, ya tsallaka titi da rana tsaka ya kai aiki shagon abokin gabarsa. Tsallakawa kam na tsallaka, ban taɓa musu ba. Abin da masu ba ku labari suke tsallakewa shi ne abin da ya tsallakar da ni ranar, da kuma wanda na baro a Tsafe zaune a kan tabarma yana jirana.

Ina saurayi na baro Bungudu na shigo Gusau, ban iya komai ba sai riƙe kan sa a gona. Alhaji Bawa mai hoto shi ya ɗauke ni, ya ba ni wurin kwana a bayan shagonsa, ya koya mini yadda ake riƙe kyamara ba tare da hannu ya yi rawa ba. Shi ya tsaya mini lokacin auren uwarku. Ina faɗa muku wannan tun farko don kada wani cikinku ya ɗauka ina rubutu ne don in rage masa daraja. Mutum ne mai kyauta, mai saurin fushi, mai son a ce nasa ya fi na kowa, kuma sau da yawa nasa ɗin ya fi. A zamanin da hoto mai kala ya shigo, sai mun tara fim mu ba direba ya kai Kaduna a wanko. Alhaji ya ce shi ya gaji da jiran direba, ya sayar da gonarsa ya sayo injin wanki, ya kafa abin da muke ce wa lab a cikin shagon.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane ba sai na warware muku. Hoton fim wanki biyu gare shi. Na farko shi ne wankin fim ɗin kansa, wannan ɗan siririn abu mai launin shayi da ake zarowa daga kyamara. Sau ɗaya ake wanke shi, in ya gyaru ya gyaru, in ya ɓaci babu mai iya dawo da shi har abada. Na biyu shi ne bugawa a kati, shi kuwa ana iya maimaitawa ko sau nawa. Kowane wanki da maganinsa, kuma maganin yana da rai, yana gajiya. Yana son ruwa mai ɗumi daidai, ba ya son zafin bazararmu, ba ya son a ɗauke wuta kati yana cikinsa. Kowace safiya ya kamata a fara gwada shi da ɗan guntun kati kafin a taɓa aikin mutane. Sannan injin yana da wani hali wanda ya kamata ku riƙe, domin a kansa labarin nan yake tafiya. Yana da ido a ciki da yake duban hoton gaba ɗaya, kuma waɗanda suka ƙera shi sun sa masa a kai cewa babu launin da ya kamata ya rinjayi saura. In ya ga ja ya cika hoto, sai ya ɗauka kuskure ne, ya zuba shuɗi-shuɗi don ya kashe shi. Aikin mai zama a gaban inji ne ya duba da idonsa ya ce masa a'a, jan nan na gaskiya ne, bar shi.

A farkon zuwan injin haka muke yi, kuma hotunan Alhaji har daga Ƙaura ake zuwa nema. Sai aka ba mu jiha, Gusau ta cika. Ma'aikata suka yi ta dawowa daga Sakkwato, kowa yana son hoton fasfo, kowane ofis yana taro, kowane taro yana son hoto kafin baƙi su watse. Aiki ya yi mana yawa har abinci a tsaye muke ci. Alhaji ya daina gwajin safe, ya ce ɓata kati ne. Maganin da ya kamata a zubar sai a ƙara masa ruwa a ci gaba. Aka bar injin yana yanke wa kansa hukunci babu mai duba masa. Isiyaku, wanda shi ne mai zama a gaban injin tun farko, ya yi magana ya gaji, suka yi baram-baram da Alhaji, ya samu wani mai hali ya kafa masa nasa lab ɗin a tsallaken titi, daidai inda in Alhaji ya ɗaga kai daga kujerarsa sai ya gan shi. Daga ranar aka haramta mana ko gaisawa da shi. Ni ma na ga hotunanmu suna dusashewa, fararen riguna suna fitowa da shuɗi, fuskoki suna yin toka. Na faɗa wa Alhaji a hankali, ya ce mutane fuskarsu suke nema a hoto, ba launin bango ba. Gaskiyarsa kuwa, babu wanda ya taɓa dawo da hoto.

A bazarar da ta biyo baya aka haifa wa Yaya Haruna ɗansa Sanusi, wanda kuka sani. Na je suna Bungudu da kyamarata. Yaya Haruna shi ne babbanmu, shi ya zauna gida yana noma ya bar mu muka fita. Yana da wani jan sa da ya yi renonsa tun yana maraƙi, yana kiransa Jatau. Muna yi masa tsiya cewa in aka ce ya zaɓa tsakanin Jatau da matarsa sai ya nemi a ba shi lokaci ya yi tunani. Da na zaunar da Babanmu a ƙofar gida da jar dararsa a ka, aka ɗora masa jinjiri a cinya, sai ga Yaya ya janyo sa.

"Mamman, in ba Jatau ciki, ba ni son hoton ga," in ji shi.

Na ce, "Yaya, sunan ɗanka a kai ko na sanka?"

"Duk ɗiyana na. Ɗauka dai."

Na ɗauka. Jan sa ya cika rabin hoto, bayansa jan bangon ƙasa, ga jar hula. Na koma Gusau na jefa fim ɗin cikin tulin aikin ranar, ya fito, na sa a ambulan ban ko tsaya dubawa sosai ba, na aika gida. Yaya ya adana abinsa a ƙasan akwati, ko ambulan ɗin bai buɗe ba don kada ƙura ta taɓa shi.

Bayan kaka ya yanke shawarar sayar da Jatau ya sayi matasa biyu na huɗa, don san ya fara tsufa. Ya ji an ce kasuwar Tsafe ta fi daraja saboda manyan motocin Kudu a can suke lodi, sai ya ɗauki hayar mota ya kai shi can, garin da babu wanda ya san shi. Bai gama ɗaure igiya a kara, wato kasuwar dabbobi, ba wani dattijo, Malam Tanko daga wani ƙauye a yankin Wanke, ya zo ya rungume wuyan san yana salati. An sace masa jan sa a ƙarshen damina, tun daga nan yake bin kasuwanni yana dubawa, kuma ya rantse wannan ne. Kun san yadda kara take in an ambaci ɓarawon shanu. Kafin ka ce kwabo an kewaye Yaya da sanduna. Allah ya taimaka Sarkin Shanu, dattijon da ke riƙe da kara, yana kusa, ya ratsa mutane ya ja shi zuwa zaurensa.

Yaya ya ce sansa ne, sunansa ma Jatau. Aka ce ko baƙin bunsuru mutum na iya sa wa wannan suna. Ya ce a tambayi mutanen unguwarsu. Aka ce dangi da maƙwabta ba sa ba da shaidar da za ta ɗaure nasu. Sai ya tuna da hoto. Ya ce akwai hoton ranar sunan ɗansa, tun kafin ruwan farko, tun san Malam Tanko yana turkensa, kuma ga yaron nan a gida har ya fara zama, kowa na iya zuwa ya gani. Sarkin Shanu ya ce wannan magana ce. Aka aika Bungudu aka ɗauko hoton, aka biyo ta Gusau aka ɗauke ni, tunda ni na ɗauka.

Ban manta yadda Yaya ya zaro katin daga ambulan yana murmushi ba, kamar wanda ya riga ya ci shari'a. Ya miƙa wa Sarkin Shanu. Dattijon ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya duba, ya dubi san da ke ɗaure a gindin bishiyar bedi, ya sake duba kati. Sai ya miƙo mini. San da ke cikin hoton baƙi ne, baƙi mai toka-toka, ƙafafunsa sun narke cikin inuwa.

"Tau, ɗana," in ji Sarkin Shanu, yana duban Yaya, "kai da kanka kak kawo shaida. Wanga baƙi na, wancan ja na. Ina baƙin yat tahi, ina kas samo jan?"

Yaya ya dube ni. Hoton da ya kira ya cece shi, shi ne ya ƙara ɗaure shi, kuma ni na ɗauka, a shagonmu aka wanke. Na buɗe baki na ce hoto yakan canza launi wajen wanki. Wani daga cikin mutanen Malam Tanko ya ce ashe hoto ma yana da ƙane. Aka yi dariya. Ban ce injin wa ya ɓata ba, domin kara cike take da mutanen Gusau, kuma duk abin da na faɗa a zauren nan zai riga ni isa gida. Sarkin Shanu ya ce ya ba mu zuwa kasuwa mai zuwa, in ba mu kawo abin da ya fi wannan ba zai miƙa magana ga hukuma, sa kuma yana nan a hannunsa. Ya ce Yaya na iya tafiya gida in wani ya tsaya masa. Yaya ya ƙi.

"In nik koma Bungudu ba Jatau, na amsa ke nan," ya ce. "Nan za ni zamna."

Ku gane, ba san ne abin tsoro ba, ba ma gidan yari ba. A ƙasarmu in aka ce wa gida gidan ɓarayin shanu, sunan ba ya fita. Da jikokin Yaya za su je neman aure a ce a bincika, a dawo a ce ai kakansu ne aka kama a Tsafe. Ku ma da ya shafe ku, domin gida ɗaya ne.

Na wuce Bungudu da hoton. Baba ya riga ya daina fita masallaci don kunya, yana zaune a ɗaki. Inna ta karɓi katin ta kai shi kusa da idonta. Ba ta ko dubi san ba.

"Wai wa ab ba Malam baƙar hula?" ta ce. "Ni dai tun da nis san shi, da jad dara nis san shi."

Na karɓa na duba. Dararsa ta fito baƙa kamar san, bangon gidanmu da kowa ya san ja ne ya koma ruwan toka. Ni da nake sana'ar na san dalili tun a Tsafe, amma ban san yadda zan nuna wa mutanen da ba su taɓa ganin cikin lab ba. Inna ta ba ni hanya ba tare da ta sani ba. Ta shiga ɗaki ta ciro hular daga kan Baba, ko izini ba ta nema ba, ta naɗe ta a ɗankwali ta danƙa mini.

"Kai musu. In hulag ga baƙa ta, tau san ma baƙi na."

Hula kaɗai za ta nuna hoton ya yi ƙarya, amma ba za ta nuna gaskiyar launin san ba. Wannan sai an sake bugawa daga fim. Washegari da safe na tono fim ɗin a cikin kwalin da nake ajiya, na sami Alhaji kafin mutane su taru, na gaya masa komai. Wallahi ya ji tausayi. Ya tashi da kansa ya zauna gaban injin, abin da ya daɗe bai yi ba, ya rage shuɗi ya ƙara ja, ya buga. San ya fito kamar ruwan zoɓo da ya kwana. Ya sake, ya fito ruwan hanta. Maganin katin ya mutu, ba ya iya ba da launi mai tsabta ko me aka danna, sabo kuwa sai an aika Kano, ba zai iso ba kafin kasuwa. Ko da ya iso ma, na ce masa, mutanen Malam Tanko za su ce ƙanen mai laifi ne ya shiga shagonsu ya shafa wa sa jan launi. Dole a buga a wurin da ba ni da hannu, a gaban idonsu. A Gusau kuwa lab biyu ne kawai a lokacin.

Alhaji ya dubi tsallaken titi.

"Mamman, in kat tahi can da mutane biye da kai, ka kashe ni garin ga. Kowa za shi ce yaron Alhaji ma bai yarda da injin Alhaji ba."

Na ce, "Alhaji, yayana na."

"Kai shi Kaduna. Ni ka biyan mota."

Na ce Malam Tanko tsoho ne mai zargi, ba zai bi ni Kaduna ba, kuma in na tafi ni kaɗai maganar ta koma inda take.

"Tau ka zaɓa," in ji shi. "In kat tsallaka, kak ka dawo."

Na je gida cin abincin rana ban iya ci ba. Uwarku tana da cikin Hadiza a lokacin, ɗakin da muke ciki ma na Alhaji ne. Na zayyana mata, ina tsammanin za ta ce in yi tunanin inda za mu kwana. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce ɗaki ana samun wani, amma ita ba ta ga inda ake sayar da suna ba. Ta ce in tashi in bar mata tabarma tana da aiki.

Washegari na koma Tsafe na shimfiɗa hular Baba kusa da hoton a gaban Sarkin Shanu. Ya juya ta, ya dubi ɗinkin gefenta da ya fito a hoto, ya yarda ita ce. Na faɗa a fili, kowa yana ji, cewa injin shagonmu ne ya ci jan, kuma maganinmu ya gaji. Na roƙi a haɗa ni da Malam Tanko da wakilin Sarkin Shanu, su riƙe fim ɗin da hannunsu, mu je a buga a gabansu. Malam Tanko ya amince. Ya sa fim ɗin a aljihun gaba ya dafe shi da hannu tun daga Tsafe har Gusau.

Abin da ban gaya wa kowa ba a motar nan shi ne tsoron da ke cina. Fim ɗin ma a shagonmu aka wanke shi, cikin zafin bazara. In wankin farko ya ɓaci, to jan ya tafi, babu injin da zai dawo da shi, na rasa Alhaji kuma ban ceci Yaya ba. Na ɗaga shi a rana ba sau ɗaya ba, amma idon mutum ba ya iya karanta launi a fim, komai a juye yake.

Muka sauka a bakin titi bayan azahar. Alhaji yana zaune a kujerarsa a ƙofar shago. Na gaishe shi, bai amsa ba. Na tsallaka, dattawa biyu da sandunansu suna bina, masu shaguna duk sun leƙo. Isiyaku ya gan ni ya miƙe, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskata ya fasa. Na gaya masa abin da ake ciki a taƙaice, na koma gefe na harɗe hannuwa a baya don kada a ce na taɓa wani abu. Ya karɓi fim daga hannun Malam Tanko, ya goge shi, ya sa a inji, ya leƙa.

"Wa yab bar inji shi kaɗai da wanga hoto?" ya ce. "Ja bisa ja bisa ja. Ai dole shi haukace."

Ya hana injin gyaran kansa, ya daidaita da farar rigar Baba, ya ce in fari ya fito fari to saura ma za su faɗi gaskiya. Ya danna. Muka tsaya muna jin injin yana gurnani, katin yana bin cikinsa daga wannan magani zuwa wancan. Malam Tanko ya tsuguna daidai bakin da kati ke fitowa. Ni dai ina ta karanta duk abin da ya zo bakina.

Katin ya zubo da ɗuminsa. Tun daga inda nake tsaye na hango jan. Na zauna a kan wani bokitin magani ban sani ba. Wakilin Sarkin Shanu ya ɗora hular Baba a gefen katin, launi ɗaya, ba ka ce ga inda hula ta ƙare hoto ya fara ba. Malam Tanko ya karɓi katin ya ƙura masa ido. Inuwar da ta haɗiye ƙafafun san a hoton farko ta buɗe, ga wani ɗan farin tabo a ƙafar gaba ta hagu, sama da kofato. Ya sa yatsa a kansa.

"Wanga tabon na gan shi ga san da ad ɗaure Tsahe," ya ce a hankali. "Na ɗauka bayan an sace shi yas samo shi. Nau ba shi da shi." Sai ya share ido da bakin rawaninsa. "Na ɗauki alhakin bawan Allah."

Da la'asar muka isa Tsafe. Yaya yana nan a kan tabarmar da na bar shi, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Malam Tanko bai jira Sarkin Shanu ya yi magana ba, ya durƙusa a gabansa ya nemi gafara a gaban jama'a. Yaya ya ɗaga shi ya ce shi ma da Jatau aka sace da ya rungumi duk jan san da ya gani. Sarkin Shanu ya sa aka yi shela a kara ranar kasuwa cewa mutumin Bungudu mai gaskiya ne. Ni kuwa na fita bayan zauren na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, kukan daɗi, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Yaya bai sayar da Jatau ba. Ya mayar da shi gida a mota, yana tsaye a baya riƙe da ƙahonsa, kuma a turkensa ya tsufa.

Alhaji ya cika maganarsa. Kafin sati ya zagayo mun kwashe kayanmu, a wani ɗaki mai yoyo a Tudun Wada aka haifi Hadiza. Ban je wurin Isiyaku aiki ba ko da ya nema, don kada maganar mutane ta zama gaskiya. Na rataya kyamara a wuya na shiga bin bukukuwa da makarantu a kan keke, na yi shekaru a haka kafin in samu nawa shagon. Labarin san ya zaga gari, aiki ya ragu wa Alhaji, wannan kuwa ya dame ni har yau, domin na ci abincinsa. Abin da na sani shi ne bai daɗe ba ya zubar da tsohon magani, ya dawo da gwajin safe, hotunansa suka dawo yadda suke. Mun yi shekaru ina gaishe shi yana kau da kai. Sai ranar da zai aurar da autarsa ya aiko a ce mini in zo da kyamarata. Da na gama ɗauka na miƙa masa fim, ya ƙi karɓa, ya ce in zauna gaban injin da kaina tunda idona ya fi na kowa tsini. Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan, ni ma ban ƙara ba.

Yanzu babu fim, babu lab, injin Alhaji ma an sayar wa masu gwangwan. Bara da Yaya Haruna ya rasu, kuna nan a Bungudu, kun ga jama'ar da ta taru. Bayan an dawo daga maƙabarta ina zaune a ƙofar gida, daidai inda na zaunar da Baba ranar sunan Sanusi, sai na ji wasu tsofaffi biyu a bayana suna magana, ba su san ina ji ba. Ɗayan ya ce Haruna dai ya tafi da shaida mai kyau. Ɗayan ya ce ai mutumin nan tun da yake, ko igiyar wani bai taɓa ɗauka ba.

Na jingina da jan bangon na lumshe ido. Wannan maganar na tsallaka titi in ɗauko.